Tiren Inna Fulera

Inna Fulera ba ta iya wa'azi ba, girki ta iya. Daga zangon Kumasi ta zo, ta yi shekaru a Birmingham tana goge ofisoshi. Da mijinta ya rasu ta koma unguwar Longsight wajen 'yarta, ta kama aiki a gidan wankin zannuwan otal. Nan ta kafa al'ada: duk Juma'a sai ta zo da shinkafa da wake, ma'aikatan su kewaye tire ɗaya, Musulmi da Kirista, kowa ya sa hannu.

Cikin masu sa hannun akwai Nentawe, ɗan Jos mai guga. Ranar da aka gan shi a Withington riƙe da hannun saurayinsa, sai tsoron Allah ya sauko wa abokan aikinsa Iddrisu da Dalyop lokaci guda. Iddrisun da ba ya isa masallaci sai an sallame, da Dalyop da coci ba ta ganinsa sai ranar biki! Suka shiga kwaikwayon tafiyarsa, suna kiransa amarya. Ran Juma'a Dalyop ya zuba masa nasa a murfin kula, ya tura gefe kamar na kyanwa.

Da aka tashi Nentawe ya same ta a bakin ƙofa. "Mama, notice zan bayar, in bar aikin. Na gaji."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ba ta fahimci rayuwarsa ba, ba ta kuma yi ƙaryar ta fahimta ba. Amma ta san cin abinci kai kaɗai, don a Birmingham an sha toshe wa miyarta hanci.

Juma'ar da ta biyo, manyan waliyyan nan biyu suka wanke hannu, suka gyara zama. Ta wuce su ta dire tiren gaban Nentawe. Safia da Celestina, masu ninki, suka jawo kujeru.

"Haba Inna," in ji Iddrisu, "da wannan za ki ci?"

"Malam Iddrisu, ni na dafa. Wanda hannunsa ya fi ƙarfin tirena, ga vending machine can, ya je ya sayi nasa."

Nentawe ya lalubo cokali don kada yatsunsa su taɓa na kowa. Ta fizge cokalin.

"Da hannu, ɗana."

Ya sa hannu. Ran Litinin ya zo aiki.