Kwantan Masar da Nake Zubarwa a Kwata

A lokacin ni matar aure ce mai ƙuruciya, ina toya masa a ƙofar gidanmu a unguwar Gwallaga, ga ni da girman kai kamar ni na ƙirƙiro tanda. Babu abin da na tsana irin a ce masata ta yi kwantai. Duk da haka nakan cika ƙullu fiye da kima, abin da ya rage kuma in faki idon mutane in juye a kwata, in kora da ruwa. Innata ta sha ce mini wannan almubazzaranci ne. Nakan yi dariya in ce ai kalmar ta masu liƙi a gidan biki ce, ina ruwanta da mai tanda ɗaya. Ta ce ba yawan abu ake dubawa ba, duk wanda ya lalata abin da Allah ya ba shi alhali wani na buƙata, shi ne almubazzari.

Akwai maƙwabciyata, Kirista daga kudancin jiha, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Wata rana ta same ni tana sunkuyar da kai, ta ce in akwai ragowa in riƙa ajiye mata saboda kajinta. Raina ya ɓaci, don na ɗauka so take ta nuna mini ta san asirina. Na ce mata masata ba ta taɓa kwana ba. Ta ce to, Allah ya ƙara kasuwa. Ranar ma sai da na zubar da rabin kwano.

Bayan wata biyu ta haɗa kaya za ta koma ƙauye. Na shiga taya ta ɗauka, na duba tsakar gidan kaf, babu akurki, babu ko gashin kaza. Na kalli wuyan 'yar autarta duk ya rame, sai na gane wa ake roƙa wa ragowar. Na ci gaba da jidar kaya har keken da ya zo ɗaukarsu ya tashi.

Tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Na tambayi 'yan cocinsu, na tambaya a tasha, ban samu mai kai ni wurinta ba. Yanzu ina auna ƙullu, ragowa kuma da kaina nake kaiwa gidaje, amma nauyin bai sauka ba. 'Yan'uwa mata, kafin ku juye kwano ku leƙa maƙwabta. In wata ta roƙa wa kajinta, ku ba ta, kada ku tsaya tambayar inda kajin suke.