Magini a Bakin Taga

Wani dattijo yana tsaye a bakin tagar ajin da ake sa yaran 'yan gudun hijira yin zane, ko hankalinsu ya kwanta. Rigarsa ta yi masa yawa, tafin hannunsa duk kanta. Da gani magini ne kafin yaƙi ya koro su. Idonsa na kan 'yarsa, wadda ta duƙufa tana zana gidan da suka baro.

"Ba nan ƙofar take ba, uwata," in ji shi a hankali. "Gabas take kallo."

Malamar ta ɗago a gajiye. "Baba, ƙyale ta ta zana yadda ta tuna."

Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya gyaɗa kai.

"Gaskiyarki, Malama. Ai wanda na gina ya ƙone. Nata ne ya rage."