Yadda Na Jera Surukina da Raƙuma

Ban taɓa mantawa da Talatar da na sa surukina a layin raƙuma ba, kuma ko na so in manta, matata ba za ta bari ba. Ku sababbin sakatarori ku aje wayoyinku ku saurara, don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Lokacin ina shekarata ta biyu a ma'aikatar magajin gari ta wata karkara a yankin Mayahi. Ni ke buga takardu a ordinata, wato kwamfuta. Madam Rakiya, wadda ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba, ita ke dubawa kafin a kai wa Esje, wato babban sakataren ma'aikata, ya sa hannu. Ƙa'idarmu ita ce in karanta da ƙarfi daga ordinata, ita kuma tana bi da alƙalami a takardar hannu.

Bayan girbi aka shirya yi wa dabbobi allurar rigakafi. Esje ya ce in buga sanarwa da Hausa a liƙa a bango ranar kasuwa. Tablo biyu ne a ciki, wato jerin nan mai gida-gida, kowanne da takensa a sama. Na farko sunayen masu gari da za su zo taro, na biyu dabbobin da za a yi wa allura. A lokacin ban iya ɗaure take da tablonsa ba. Sai in rubuta shi cikin ɗan akwati in kafe shi a saman shafi kamar ƙusa, ko tablo ya motsa shi yana nan daram.

To, cikin masu garin akwai surukina, mahaifin matata Hadiza. Ita tana gidansa wankan jegon ɗanmu na fari, kuma Juma'ar makon nan zan je ɗauko ta. Kun san dai mutum ba ya kama sunan surukinsa. Ni ko bugawa sai da hannuna ya yi nauyi, na yi ta tsallake shi har ya zama na ƙarshe, sannan na buga ina kallon rufi.

Esje ya leƙo ya ce, "Issufu, ƙara girman rubutun nan, tsofaffi za su karanta." Na ƙara. Ashe layin ƙarshe ya zame ya faɗa shafi na biyu, ya zauna ƙarƙashin taken tablo na biyu da na kafe a can.

Muka zo dubawa. Na karanto sunaye tiryan-tiryan, da na ga saura ɗaya sai na yi tari na yi shiru. Madam Rakiya ta tuntsire da dariya ta ce, "Kunyar suruki ce? To na yafe maka, buga kawai." Wallahi ba wanda ya kalli shafi na biyu. Esje ya sa hannu a na farko, aka buga wa shafukan hatimi ba a duba ba, aka kai bango.

Baba kuwa, haka nake kiran surukin nawa, bai daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Ya sayi tabarau a Tasawa, ba takardar da ke wuce shi, har gwangwanin tumatir sai ya karanta wa jama'a. Ranar kasuwa ya tsaya gaban bango, mutane suka kewaye shi. Ya bi shafi na farko da yatsa bai ga sunansa ba. Ya koma na biyu, ya gyara murya ya karanta: "Dabbobin da za a yi wa allura." Sai sunansa, cikakke, har da Alhaji. Daga nan raƙuma, shanu, jakuna, awaki.

Ina cikin buro, wato ofishinmu, na ji kasuwa ta ɗauki shewa. Madam Rakiya ta shigo tana haki ta ce, "Issufu, ka kashe kanka!" Na leƙa ta taga, sai ga Baba zaune a kan buzunsa a bakin turken allura, gaban wani raƙumi, ya naɗe hannun riga. Likitan dabbobi yana ta roƙonsa ya tashi, shi kuwa yana cewa, "Takardar gwamnati ba ta ƙarya. Ni na farko, a yi mini in tahi."

Esje ya kira ni. Bai yi faɗa ba, dariya ba ta bar shi ba. Ya ce, "Ni na yafe. Amma matarka ba a hannuna take ba." Madam Rakiya ta zaunar da ni ta nuna mini abin da ya kamata in sani tun farko: yadda ake ɗaure take da tablo su riƙa tafiya tare, yadda ake sa layin sama ya maimaita kansa a kowane shafi, da rubuta "ci gaba" idan tablo ya tsallaka. Aikin minti biyar, jama'a!

Juma'a na ɗauki gyararriyar takarda da goro na tafi. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na durƙusa a zaure, tsoro ya cika ni. Baba bai kalle ni ba. Sai ya fuskanci ƙanensa da ke zaune a gefe, ko da yake ina nan gabansa, ya ce, "A tambayi sakatare, jaki ya zo ɗaukar ɗiyar raƙumi ne?" Na ce tuba nake, na miƙa takarda.

Ya sa tabarau ya karanta a hankali. Ga take daidai: masu gari, ci gaba. Ga sunansa shi kaɗai a ƙasa. Ni kuwa na riga na fara tunanin komawa gida ba mata ba ɗa.

Can ya ce, "A gaya wa sakatare bai gyara komi ba. Waccan ina gaban raƙumi, wagga ina bayan kowa." Ya ninke ta ya mayar mini. "Tsohuwar nika so, mai hatimi. Mutane daga gari uku sun zo ganina saboda ita." Sannan ya ɗaga murya ya ce Hadiza ta fito da kayanta.

Har yau tsohuwar takardar da na kai masa tana rataye a zaurensa cikin leda, duk baƙon da ya zo sai an karanta masa. Abin da na koya shi ne, a aikinmu shafi na biyu ke kashe mutum, don kowa na farko yake dubawa. Ku ɗaure take da tablonsa, ku karanta har layin ƙarshe. In kuwa sunan da ke can bakinku ba ya iya faɗa, ku kira Madam Rakiya ta faɗa muku.