Tikiti Biyu Zuwa Ɗaurin Auren Hindatu

Goronyo, Juma'a, ƙarfe 5:45 na asuba

Muna idar da sallah na ɗauki jakata na nufi tasha. Babbar rigata tana ninke a ciki don kada ta yamutse kafin Legas. Garba direba ya riga ya cika mota, ya ajiye mini gidan gaba ni kaɗai.

"Shugaba, halan yau sama za a bi?" in ji shi.

"Sama za a bi, Garba. Kahin ka gama lodi na biyu, ni ina Legas."

Shekarata ashirin da bakwai a tashar Goronyo, tun ina ɗan kamasho har na kai kujerar da ake ce mini shugaba. Wannan ya sa na daɗe da yarda cewa ba a haifi wanda zai koya mini tafiya ba. Jirgi kuwa sau ɗaya na taɓa hawa, na aikin Hajji, inda aka jera mu aka shigar, aka jera mu aka fitar. Da wannan zurfin ilimi na fita.

Abin da zai kai ni Legas shi ne auren Hindatu, 'yar yayana marigayi Umaru, wanda ya ƙare rayuwarsa yana sayar da albasa a can. Ni ne waliyyinta. Yarinyar nan ba ta taɓa roƙona ko kuɗin sabulu ba. Da aka sa rana ta kira ni ta ce, "Baffa, abu ɗaya nake so. Kada a wakilta kowa. Kai nake so ka zauna inda Baba zai zauna, ka bayar da ni da bakinka." Na ce mata ta ɗauka an gama. Za a ɗaura ne bayan sallar Juma'a a Agege, ƙarfe biyu da rabi.

Wurno, Litinin ɗin da ta gabata

Kafin mu ci gaba, bari in koma baya kwana huɗu, inda aka tafka wayon. A Wurno akwai Malam Nasiru mai shagon kwamfuta, shi ke sayo wa mutanen yankinmu tikitin jirgi. Ya juyo mini da allon ya baje kamfanoni uku. Ba zan kama suna ba, da fentin wutsiyarsu na san su.

Mai koriyar wutsiya yana tashi daga Sakkwato ranar Alhamis da rana, kai tsaye har Legas, sa'a ɗaya da minti arba'in da biyar. Ba ya ba da komai sai biskit da ruwa, kuma shi ya fi tsada. Mai jar wutsiya yana tashi Juma'a 9:10 na safe zuwa Abuja, yana ba da fanke mai nama a ciki, amma ya yi suna wajen makara. In ka bi shi har Legas da tikiti ɗaya, sai la'asar ta yi sanyi za ka isa. Sai mai farar wutsiya, wanda ba ya zuwa Sakkwato sam, amma yana da jirgin Abuja zuwa Legas 11:20, kuma an ce agogo ma a wurinsa yake gyara lokaci.

Nan basirata ta motsa. In hau mai ja zuwa Abuja, in sauka 10:15, in tsallaka in hau mai fari, in dira Legas sha biyu da rabi. Ga ragowar naira dubu talatin da takwas a aljihu, ga fanke.

Nasiru ya cire tabarau. "Alhaji, kamhwani biyu na hwa. In na hwarko ya makara, na biyu bai san da zamanka ba. Ka bi na Alhamis, ka kwana can hankali kwance."

"Nasiru, mi ka sani ga tahiya? Wanda za shi nesa in bai samu mai zuwa kai tsaye ba, ba Sakkwato aka kai shi ya sake mota ba? Wa ya taɓa kwana tasha don haka?"

"Jirgi ba mota ba na, Alhaji."

"Dut abin hawa na. Buga min biyu."

Ya buga, ya miƙo mini takardun da hannu biyu kamar mai miƙa sakamakon asibiti.

Goronyo zuwa Sakkwato, 6:05 zuwa 7:35

Mun jira gari ya ɗan yi haske sannan muka tashi, don hanyarmu ba a yi mata gaggawar duhu. Kilomita sittin da 'yan kai ne. Mun wuce shingen bincike uku, a kowanne Garba sai ya sanar cewa shugaba jirgi zai hau, kamar an tambaye shi. A Achida muka tsaya minti goma na sha shayi da burodi na naira ɗari takwas. Wani dattijo mutumin Rabah da ke cikin motarmu ya ji labarin dabarata, ya jinjina kai ya ce, "Allah shi sa su jira ka." Na ce masa ai an biya, dole su jira. Daga tashar Sakkwato na ɗauki keke zuwa filin jirgi a kan dubu uku.

Filin jirgin Sakkwato, 8:05

Aka auna jakata, aka buɗe ta saboda warin gabu, busasshen ganyen albasa, da na ɗauko wa uwar amarya tsaraba. Ma'aikacin ya shinshina, ya yi atishawa, ya rufe. Na samu kujera na zauna ina kallon fili fetal, babu ko tsuntsu.

Tara da minti goma ta yi, ta wuce. Ashe jirgin da zai ɗauke mu bai ma baro Abuja ba. Tara da rabi wata murya ta fito daga lasifika da Turanci mai daɗi, ta ce an samu jinkiri saboda dalilai na aiki, kuma suna ba da haƙuri. A tasharmu in mota ta ƙi tashi, fasinja yana ganin direba a ƙarƙashinta da sifana, ya san inda zai kai zaginsa. A nan kuwa sai dai ka harari lasifika.

Da goma ta buga na kira Nasiru.

"Turo min lambar direban jirgin Abuja, in ce shi riƙe min kujera, ga ni nan tahe."



"Alhaji, ba a kiran su."

"To wa ad da lambar shugabansu na tasha?"

"Alhaji, sai dai addu'a."

Jirgi ya sauka 10:25, muka tashi 11:05. A sama aka kawo fanken da na zaɓi kamfani dominsa. Sanyi ƙalau, naman ciki kuwa sai an yi bincike. Na cinye shi tas, tunda shi kaɗai ne alkawarin da aka cika mini.

Abuja, 12:10

Ban fita da gudu ba, saboda jakata. Kamfanonin biyu ba sa miƙa wa juna kaya, don haka na tsaya minti ashirin da biyar ina kallon akwatunan mutane suna zagayawa. Sha biyu da arba'in na isa kantar mai farar wutsiya ina haki. Allah ya taimake ni ma'aikaciyar tana jin Hausa.

"Baba, wannan jirgin ya tashi tun 11:20."

"Ya tashi? Da kujerata ba kowa a kai?"

"Ba kowa, Baba."

Wannan ya fi komai ɗaure mini kai. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ganin direba mai hankali ya bar tasha da gurbi ba, balle gurbin da aka biya.

"To ba komi, 'yata. A juye ni cikin na baya."

"Tikitinka ya riga ya ƙone. Sai ka biya tara da cikon kuɗi, kuma babu wuri sai a na biyar da rabi."

Na nuna mata takardar mai jar wutsiya, na ce laifinsu ne. Ta ce ba kamfaninsu ba ne. Na ja jaka zuwa kantar mai jar wutsiya. Wani saurayi mai ɗaurin wuya ya ce su alkawarinsu Abuja ne, kuma ga ni a Abuja, har ya yi mini barka da sauka. Na bi sauran kantoci ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai tashi ɗaya da kwata, amma ya cika. Na ce ko a tsakiya ne a matsa mini, ko kusa da direba, ni ba mai jiki ba ne. Suka yi murmushi irin wanda ake yi wa marar lafiya. A tasharmu ba a taɓa cewa mota ta cika ga mai zuwa ɗaurin aure ba.

Na koma wurin ma'aikaciyar farko na biya. Abin da na bayar ya ninka ribar da na ci a Wurno, har da ɗoriya.

Masallacin filin jirgi, 2:20

A nan na yi Juma'a. Bayan sallah na zauna a bakin baranda na ciro babbar rigar na saka, ban san dalili ba. Sai ga kiran Alhaji Bello, maƙwabcin marigayi a Agege, mutumin Lahodu ne, can yankinmu.

"Alhaji, kana ina? Liman ya zamna, dangin ango sun cika masallaci."

"Ina Abuja, Alhaji Bello."

"Abuja kuma? Mi ya kai ka?"

"Wayo."

Ya ce ba za a iya ɗagawa ba, mutane sun zo daga nesa, wasu a daren za su juya. Na san haka, ni ma da zan faɗa wa wani. Na ce, "Na wakilta ka. Ka bayar da Hindatu a madadina." Kalmomin nan sun fi buhun gero nauyi a bakina. Ya bar wayar a kunne. Ina ji aka nema, ina ji ya bayar, ina ji aka shafa Fatiha, lasifika kuma a kaina tana kiran fasinjojin Fatakwal. Na shafa tare da su, ni kaɗai a cikin babbar riga. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, hawaye ya zubo, ban ma goge ba.

Legas, 7:30 na yamma

Mai farar wutsiya, sarkin cika lokaci, da ya ga ba ni da sauran abin da zan rasa, sai ya tashi shida da minti ashirin. Daga filin jirgi zuwa Agege tafiyar kurkusa ce, amma cunkoso ya ci mana minti arba'in da biyar. Na isa ana shirin kai amarya.

Aka kawo mini Hindatu lulluɓe don in yi mata nasiha. Tun daga Goronyo na tsara jawabi a kan jin shawarar waɗanda suka fi mutum sani. Na neme shi na rasa bakin faɗa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi fushi ba, da ta yi da na ji sauƙi. Sai da za a tashe ta ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Baffa, an ce akwai jirgin jiya mai zuwa kai tsaye, tsada ce ta hana. Da ka faɗa mini, wallahi da na cika maka."

Yarinyar da ke ɗinki a shagon haya ce take faɗa mini haka. Ta ɗauka rashi ne. Na so in bar ta a haka, don ya fi rufin asiri, amma na kasa. Na ce, "Ina da kuɗin, Hindatu. Wayo na so in yi. Ki yafe mini." Ta ce, "Na yafe, Baffa." Aka ja hannunta aka fita.

Komawa gida, Litinin

Mai koriyar wutsiya na hau, ban tambayi farashi ba. Mun tashi sha ɗaya da minti biyar, sha biyu da hamsin muna Sakkwato. Biskit ɗaya, ruwa ɗaya, kuma ban ga wanda ya mutu da yunwa ba. Na ci tuwon shinkafa a tasha, na shiga motar gida. Mun wuce mahaɗar Wurno na sunkuyar da kai, ko da yake shagon Nasiru yana can cikin gari. Ƙarfe huɗu da rabi na sauka a Goronyo lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Bello da ya ɗauki nauyin da ba nasa ba, da Malam Nasiru da bai ce mini komai ba har yau. Kamfanonin nan biyu su ma na gode musu, kowanne ya yi daidai abin da aka ce yana yi.

Bayan kwana biyu angon ya turo mini bidiyon ɗaurin auren. Liman ya ɗaga kai ya ce, "Ina waliyyin amarya?" Mutane suka shiga waige-waige. Can sai Alhaji Bello ya ɗaga waya sama. Sau ɗaya na kalla.