Agogona Ya Fito Daga Rijiyar Kawu

Jama'a, agogon da na zubar wa hawaye ya dawo yau, kuma da ransa!

Wanda Mama ta saya mini da na gama makarantar jinya. Tun kafin sojoji su karɓi mulki ya suɓuce mini a rijiyar lambun Kawu Bitrus, can unguwar Gamkalley, ina jawo guga. Lokacin rijiya cike take, ba mai iya shiga. Na haƙura.

To bana fari ya ƙafar da ita, ganyen salatin da Kawu ya shuka duk ya yi yaushi. Da safe ya kirawo Sumana mai haƙar rijiya ya ƙara mata zurfi, ni kuma ina jan bokitin laka daga sama.

Can sai Sumana ya ɗago murya: "Baba, wani abu na ƙyalli a nan."

Kawu ya leƙa. "Ruwa ne?"

"A'a, agogo ne. Kuma yana tafiya."

Na ce, "Nawa ne, turo shi!"

Na wanke shi. Ko ɗigo bai shiga gilashin ba. Ai na sha faɗa muku, duk sanda na kai shi kasuwar Wadata canjin batir, sai an sa sabuwar roba a murfin baya a gabana. Kuna cewa iyayi ne. To ga shi: gwamnati ta canja, rijiya ta ƙafe, shi yana bakin aiki.

Na miƙa wa Kawu ina washe baki. Ya juya shi, ya dubi salatinsa, ya maido mini.

"Shi dai ya ga ruwa. Sumana, ci gaba da haƙa."