Amfilifaya Uku da Kunnen Injiniya

Injiniya muke ce masa, Allah ya jiƙansa, ko da yake mai gyaran jikin mota ne. Shagona na ɗinki yana kallon garejinsa, don haka tun muna samari nake taka keke a kan bugun gudumarsa. Yau wani ne ke bugawa a wurin, kuma har yanzu ƙafata ba ta saba da shi ba.

Mutumin da ke yini yana dukan ƙarfe, amma da ya koma gida ba abin da yake nema sai sauti mai tsabta. Bai taɓa taƙama da hannunsa ba, alhali da shi yake ci. Kunnensa ne abin alfaharinsa. Ka ce masa ai duk rediyo rediyo ce, sai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa da gangan.

Mu dai mun san amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ɗaya ake saya, a jona lasifika, a sha kiɗa. Shi ya ce wannan zalunci ne.

"Tela, dubi akwatin nan. Lasifika uku ne a ciki: babba ta ganga, ta tsakiya ta murya, sai 'yar tsito ta siririn sauti. Ka ce su ci a kwano ɗaya? Ai babbar za ta wawushe, ta bar ƙaramar da lasar baki."

Sai ya haɗa wani ɗan akwati da yake kira mai rabo. Shi ke raba sautin kashi uku tun kafin a ƙara masa ƙarfi, kowane kaso ya bi wayarsa zuwa tasa amfilifayar, ita kuma ta ciyar da tata lasifikar. Teburin falo ya tafi a hidimar. Kunnawa ma da ƙa'ida: mai rabo tukuna, amfilifayoyi daga baya, in za a kashe kuma a juya, don kada 'yar tsito ta sha bugu ta ƙone. Matarsa takan ce ta yi goyo iri-iri, ba ta taɓa ganin jaririn da ake lallaɓawa haka ba.

Akwai kujera ɗaya a tsakiyar falon, daidai inda sautin akwatin hagu da na dama ke haɗuwa. Tasa ce. Ni da na yi shekaru ina zuwa duk yammacin Asabar, gefe ake ajiye ni, in ji rabin kiɗa in yaba duka.

Gaskiya dai abin yana da daɗi. Sai da furfura ta fara cin kanmu na lura kiɗan gidan ya soma kaifi. Mawaƙi ya buɗe baki, ka ji kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Injiniya ne ke ta murɗa maɓallin amfilifayar 'yar tsito sama, kaɗan-kaɗan, yana cewa kayan yanzu ba su da ƙarko. Ya canza ƙananan lasifikokin, ya canza waya, ya zargi wutar lantarki. Guduma kaɗai bai zarga ba.

Wata Asabar matarsa ta tare ni a bakin ƙofa.

"Tela, kai za ka gaya masa. Ni kaina ke sarawa, yara sun daina zama a falo. Kunnen ne ya tafi, ba kayan ba."

"Ke da kike matarsa?"

"Ni sai ya ce ban san kiɗa ba. Kai kuwa ya riga ya san ba ka sani ba, ba zai ji zafi ba."

Na shiga ina juya maganar a baki. Ta yaya zan ce wa mutum abin da ya fi so a jikinsa ya gudu ya bar shi? Na same shi durƙushe, ya kwance bayan mai rabo, yana shirin farke aikin shekaru gaba ɗaya.

"Yauwa, zauna," ya ce. Ya mayar da wayoyin, ya sa wani tsohon faifai. "Akwai wata 'yar ƙararrawa a nan, bayan sarewa ta yi shiru. Na san ta kamar muryar 'yata. Ta ɓace. Yau sai na gano wanda ya cinye ta."

Sarewa ta yi shiru. Ƙararrawar ta buga, har cikin haƙorina.

Ashe na runtse ido. Ya gani. Ya ɗaga allurar faifan, ya mayar baya, wannan karon ni yake kallo, ba lasifikar ba. Ƙararrawar ta sake bugawa.

"Tana nan ko?"

"Tana nan, mutumina. Ba ta taɓa zuwa ko'ina ba."

Ya daɗe yana duban tafin hannunsa. Can ya miƙe, ya leƙa ƙofar kicin.

"Maman yara, zo ki zauna."

Ta nufi gefena. Ya ce a'a, ya nuna mata kujerar tsakiya. Ta zauna a bakin-baki kamar baƙuwa, hannunta da danshin wanke-wanke. Ya durƙusa gaban amfilifayar 'yar tsito, ya ce zai riƙa ragewa, in ya yi daidai ta yi magana.

"Rage. Ƙara ragewa. Maigida, ka murɗa da gaske mana, ba shafawa na ce ka yi ba."

"To ai kin kashe ta."

"Tana nan da ranta. Ƙara kaɗan. Yauwa, nan."

Ya dubi inda maɓallin ya tsaya, ya girgiza kai, ya cire hannunsa.

"Shi ke nan, wannan taki ce daga yau, ba zan ƙara taɓa ta ba. Amma biyun nan nawa ne." Ya juyo gare ni, idonsa ya yi ja, yana murmushi. "Ka ga amfanin rabo, Tela? Da amfilifaya ɗaya ce, da duka za ta karɓe."

Bai ƙara taɓawa ba kuwa, har ƙarshen ransa. Kujerar dai ya karɓi abarsa washegari. 'Ya'yan suka dawo falo. Duk lokacin da ya sa faifan nan, da sarewa ta yi shiru, sai matarsa ta ɗaga murya daga kicin ta ce, "Ga ta nan." Shi kuma ya lumshe ido, ya gyaɗa kai, ya juyo ya ce min, "Ka ji tsabta ko?" Ni kuma in ce na ji.