Tayar Kawu a Ƙafata

Wautar da na yi ƙarama ce in aka auna ta da girman ƙafata: na ba da tayoyin motar Kawu aka yanka mini takalmi. Amma kafin a zo kan takalmin sai an bi ta rufin ɗakin Kaka, wanda iskar bazara ta ɗauke ta ajiye a gonar maƙwabci.

A wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, nake zaune a Anguwan Rukuba, a Jos, saboda makaranta. Da can direban wani kamfanin kuza ne. Da kamfanin ya fara tattara komatsansa aka yi gwanjon motoci, shi ne ya samu wata gajeriyar jif mai rufin tamfol. In ta tashi da safe kajin unguwa sukan daina ƙwai har mako ya zagayo. Kawu dai yana son ta. Yakan shafa bonet ɗinta yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, abin da matarsa, wadda muke kira Anti, ta ce ita ba ta taɓa samu ba.

Wata mai kawo dankali kasuwa ce ta zo da saƙon daga ƙauyenmu, can bayan Vom. Kaka, uwar Kawu, tana lafiya, amma ɗakinta a buɗe yake, an dai rufa zana da wani yagaggen tamfol a kan buhunan accarta. Accar nan ita ce abincinta har sabuwa ta nuna. Kullum da rana hadari yakan taso ta gabas, ya yi baƙi, ya yi gunaguni, ya watse. Kawu ya kasa zama. Yana cin tuwo yana leƙen sama. Hanyar garinmu kuwa kwalta tana ƙarewa ba ta kai rabi ba, sauran duwatsu ne da kwana-kwana a gefen ramukan kuza, sannan rafi, sannan wani falalen dutse da ake hawa kafin a ga gidaje. Da damina ta zauna, babu motar da ke sake zuwa.

Damuwar Kawu ita ce cikin motar. Ko ba kaya takan goga ciki a kan duwatsun, balle an ɗora mata katako da kwano. Tayoyinta kuma sun fara sanƙo. Sai ya ce mu je wurin masu tsofaffin tayoyi a bayan tasha mu nemo waɗanda za su ɗan ɗaga ta.

A jikin tayoyinmu an rubuta shida, sannan sha shida. Na farkon faɗin taya ne, na biyun girman wilin da take zama a kai. Kawu yana neman irin wannan, ko wadda ta ɗan fi ta tsawo amma siririya, don ya ce siririya ce ke yanka laka ta taɓo ƙasa mai ƙarfi. Mun ɗaga tayoyi har hannuna ya koma na maƙeri, ba mu samu huɗu masu kama da juna ba. Can a ƙuryar fili sai na hango wasu: bakwai da rabi, sha shida. Manya, baƙaƙe, haƙoransu kamar na kada. Nan take na ga kaina a gaban motar nan muna shiga unguwa, 'yan ajinmu suna buɗe baki.

Na fara aiki a kan Kawu. Na ce lambar ƙarshe ɗaya ce, wilinmu zai ɗauka. Na ce na ga irinsu a motar masu safiyo, masu auna ƙasa, ta haye dutsen da akuya ke tsoro. Ban ga komai ba. Mai tayoyin yana gyaɗa kai ga duk abin da na faɗa, da na ce suna tashi sama ma da ya rantse ya gani. Kawu ya jingina ɗaya a jikin motar, ya cusa dunƙulen hannunsa tsakanin tayar da sifirin, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar, ya ce wurin ya matse, kuma wilinmu siriri ne. Daidai lokacin aka yi tsawa ta wajen Bukuru. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce a kai su wurin mai faci.

Huɗu ne kawai, don haka safaya ta zauna da tsohon girmanta a kan bonet. Da aka gama ɗaurawa motar ta yi tsawo har sai da Kawu ya yi tsalle ya hau. A hanyar gida, da muka sha wata kwana, na ji ƙara kaɗan ta ƙasa. Kawu ya kasa kunne. Na ce sabbin tayoyi ne ke gaisawa da motar.

Tsofaffin huɗun aka jibge a tsakar gida. Yayyafi ya sauka, suka tara ruwa, Anti ta ce in raba ta da su kafin sauro ya naɗa mai unguwa a ciki. Jikin katanga take nufi, na sani sarai. Amma a shekarar duk saurayin da ya isa a Jos takalmi mai tudu yake sawa, da wando mai faɗin ƙafa yana share titi. Ni kuwa gajere ne, a layin makaranta ana iya ɓatar da ni cikin 'yan aji ɗaya. Na kuma san wani tsoho a bakin kasuwar Katako da ke yanka taya yana yin takalma. Na ari amalanken maƙwabcinmu na tura su har can. Tsohon ya tambaye ni ko mai motar ya sani, na ba shi labarin da ya gamsar da shi. Muka shirya: tayoyin nasa, ni kuma ya yi mini takalmi mai ƙasa biyu, ɗaya a kan ɗaya, a buga da ƙusa.

Ranar da na karɓo su na ƙaru da tsawon yatsa uku. Nauyinsu kuwa, kowane taku sai na yi shawara da ƙafata tukuna. Na dinga sa su in na fita, ina ɓoye su a ƙarƙashin gado in na dawo. Ranar Asabar da za mu ɗauki katako zuciyata ta ce ƙauye ma ya kamata su gani, wandon zai rufe.

Da safen an yi yayyafi, lungunan Katako sun zama kwaɓin laka da garin katako. Muka shiga da baya har gaban rumfar Alhajin da ke sayar wa Kawu. 'Yan dako suka ɗora katakon rufi yana leƙowa ta baya, aka shimfiɗa kwano a kai, aka ɗaure da igiya. Motar ta zauna. Kawu ya tayar, ya murɗa sitiyari zai fita daga lungun, sai muka ji wani kuka kamar an taka wutsiyar alade. Sitiyarin ya tsaya a rabin hanya. Ya yi baya, ya yi gaba, ya sake baya. Warin roba ya tashi. Wata roka, babbar motar kaya, ta tsaya a bayanmu tana danna oda, wata a gabanmu, masu amalanke suka cika tsakani kowa yana ba da shawara. Wani ɗan dako ya leƙo ta taga ya ce, “Oga, motar taka takalmin yayanta ta aro?”

Kawu bai yi dariya ba. Ya sauka ya durƙusa, na durƙusa a gefensa. Sifirin gaba ya goge yana ƙyalli, gefen tayar ya kankare har zare ya fara nunawa. Ya daɗe yana kallo. Na san kwana-kwanar nan ta bayan Vom yake gani, inda in mota ta ƙi juyawa ramin kuza ne cike da ruwa yake jiran ta. Ya miƙe ya ce ba zai kai mu lahira da katakon uwarsa ba, tsofaffin za a mayar, ko da sanƙonsu. Ya ce in ruga gida in turo su a amalanke wurin mai faci, shi zai lallaɓa motar can.

Na ce to. Na yi taku kaɗan na tsaya, don ban san gidan da zan je ba. Na juyo in ce wani abu, sai na ga Kawu ba ni yake kallo ba, ƙasa yake kallo. A cikin lakar, daga inda na tashi zuwa inda nake tsaye, ga zanen tayarsa nan an buga shi ƙanana-ƙanana, dama da hagu. A kowane sawun hagu akwai wani tabo mai kama da ƙugiya, inda ƙarfe ya taɓa yankar tayar a filin haƙar kuza. Kawu ya sha nuna mini tabon yana ba ni labarinsa.

“Zo nan,” ya ce. “Ɗaga wandon.”

Na ɗaga kaɗan.

“Ɗaga ƙafar.”

Na ɗaga, da ƙyar, na dafa kafaɗar ɗan dakon nan. Kawu ya sunkuya ya karanta tafin takalmin kamar jarida.

“Ta baya ce ta hagu,” ya ce. “Ina sauran 'yan uwanta?”

Da ya mare ni da na fi jin daɗi. Muka bar motar ta toshe lungun, Alhaji yana ba mutane haƙuri, muka nufi rumfar tsohon, Kawu a gaba, ni a baya ina jan ƙafa. Tun daga nesa na hango takalma a jere a kan tabarma, manya da ƙanana, har da na yaron da bai fara tafiya ba, duk da zanen motarmu. Tsohon ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ajiye wuƙarsa.

“Ɗana, ba kai ka ce motar ta mutu har an raba gadonta ba?”

Kawu ya ce, “Baba, tana can da rai, ta toshe Katako.”

Biyu ya riga ya yanka, biyu suna nan a bayan rumfa ba a taɓa su ba. Da ya ji zancen rufin tsohuwa bai ja magana ba, ya ce mu ɗauka. Ya ƙara da cewa takalmin dai ba ya karɓar mayarwa, an riga an yi shi daidai ƙafar maƙaryaci.

Biyu da safaya, uku ke nan. Na bi masu tayoyi ɗaya bayan ɗaya ina neman ta huɗu mai lamba shida, ina gudu irin na wanda aka ɗaura wa bulo. Wadda na samu guda ɗaya har ana hango rana ta cikinta. Da na dawo gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kwasar garin katako tana watsa wa mutane a ido. Kawu ya ce ba zai ƙara kwana ba. Aka sa ƙanana biyu a gaba don sitiyari ya samu juyawa, manya biyu suka zauna a baya. Ya gaya mini abin da hakan ke nufi, ba tare da ya dube ni ba: ba zai iya sa giyar da ke haɗa gaba da baya su ja tare ba, don manyan za su riƙa cin ƙasa fiye da ƙananan, a kan dutse kuma babu inda ɗaya zai zame, sai dai wani ƙarfe ya karye a ciki. Da ƙafa biyu za mu je.

Haka muka fita daga Jos, hanci ƙasa, gindi sama, kamar akuyar da ta durƙusa shan ruwa. Kawu yana tuƙi yana leƙen hadari, ni ina riƙe da igiyar kwano ta baya. Kwana-kwanar nan muka sha ta lafiya. Rafin ma muka ratsa, ruwan bai kai gwiwa ba. A falalen dutsen ne tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi. Ya koma baya ya sake tasowa, ta hau rabi ta sulalo baya. Na ga hannunsa ya tafi kan ƙaramin sandan giyar da ke haɗa gaba da baya ya tsaya a can, sannan ya janye shi ya kashe motar.

Muka kwance igiya. Daga nan zuwa gidan Kaka tafiya ce mai ɗan nisa, hawa kuma. Na ɗora katako a ka na fara hawa, a nan ƙasan takalmin dama ya ɓalle ya gangara rafi, na zama dogo ta hagu gajere ta dama. Samarin gari suka ji ƙarar mota suka sauko taya mu, kowa ya ga tafiyata sai ya ajiye kayansa ya yi dariya tukuna. Muna cikin sawu na biyu ɗigon farko ya buga a kan kwanon da ke kaina.

Ruwan ya riga mu. An janye buhunan acca zuwa ɗakin maƙwabciya, amma na ƙasa ya sha ruwa, daga baya ya tsiro. Kaka ta kwana a can har wani kafinta ya gama rufin a cikin makon. Taya ta huɗun ba a same ta ba sai tsakiyar damina, manyan kuma suna jingine a katangarmu, Anti ta shuka barkono a cikin ɗaya. Kawu ya ɓalle ƙasan takalmin hagu da filaya don su daidaita, ya ce ba zai saya mini wani ba sai waɗannan sun cinye. Su nake sawa har yanzu.